Leza da danshin katako: ruwan take aunawa ko zafin?

Auwal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu aikin katako da malaman kimiyya na wannan zaure. Akwai wata hanya da ake magana a kanta ta auna danshin katako da hasken leza. Ana haska wuri ɗan ƙarami na 'yan sakanni har ya ɗan yi ɗumi, kyamarar zafi tana kallon yadda ɗumin ke hawa da yadda yake sauka, daga nan sai a fitar da yawan ruwan da ke cikin katakon. Ba huda, ba yanka, ko taɓa shi ba a yi. Ina so in ɗauki wannan ya zama aikin kammala karatuna. Shin abin yana aiki da gaske? Zai iya maye gurbin mita mai allura?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin mu je ga leza, gaya mini laifin da mita mai allura ta yi maka. Huda biyu ne ƙanana, kuma mai hankali a gefen da ba a gani yake yin su.

Auwal: Ba ta yi mini laifi ba, Baba. Amma akwai kayan da ba a yarda a soka musu komai: kayan tarihi, kayan kiɗa, teburin da aka riga aka gama wa folish. Sannan a babbar masana'anta katako gudu yake a kan bel, ba wanda zai tsaya yana soka ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Rabi'u: Bari mu fara daidaita abin da muke kira danshi, don kada kowa ya riƙa magana a kan nasa. Ka yanko ɗan guntu, ka ɗora a sikeli, ka sa shi a tanderun gwaji a digiri 103 na Salshiyas har nauyinsa ya daina raguwa, ka sake aunawa. Nauyin da ya ɓace ka raba shi da nauyin busasshen, ka ninka da 100. Guntun da ya shiga da giram 112 ya fito da giram 100, danshinsa kashi 12 ne. Da yake da busasshen ake rabawa, ɗanyen itace yana iya wuce kashi 100, kuma ba kuskuren lissafi ba ne. A cikin hanyoyin da muke magana a kansu, wannan ita ce kaɗai ke auna ruwan da kansa. Duk sauran, mita mai allura, mita marar allura, leza, wani abu daban suke aunawa su yi hasashen ruwa daga gare shi. Mai allura tana duba yadda katako ke hana lantarki wucewa. Tun 1927 Alfred Stamm ya nuna alaƙar wannan da danshi a ɗakin binciken katako na Madison a Amurka, kuma har yau a kan wannan aikin mitocinmu suke tsaye. To Auwal, tambayar da zan yi maka: lezarka mene ne ainihin abin da take aunawa?

Auwal: Zafin fuskar katakon, Injiniya. Yadda yake hawa da sauka.

Injiniya Rabi'u: Madalla. Riƙe wannan amsar, za mu dawo mata.

Dakta Hauwa: Salam. Tushen abin gaskiya ne, Auwal, ba tatsuniya ba ce. Ruwa yana da haɗamar zafi. Kafin ka ɗaga zafin kilo 1 na ruwa da digiri 1 sai ka ba shi kilojul (ma'aunin makamashi) 4.18, alhali busasshen katako kilo 1 wajen kilojul 1.2 zuwa 1.3 ya ishe shi. Ruwa kuma ya fi katako saurin miƙa zafi gaba, ya ninka shi wajen sau huɗu. Saboda haka katako mai danshi, in ka zuba masa zafi a wuri guda, yana shanye shi ya kuma janye shi ciki, fuskar ba ta ɗumama sosai. Busasshe kuwa zafin a saman yake taruwa.

Kowa ya san wannan a hannunsa. Ka taɓa ƙarfe da katako da suka kwana a ɗaki guda, ƙarfen za ka ji ya fi sanyi, alhali zafinsu ɗaya ne. Ƙarfen ne ya fi saurin janye ɗumin tafin hannunka. Wannan ƙarfin janye zafi shi ne abin da kyamara ke gani bayan an haska leza, kuma abubuwa uku ne ke haɗa shi: saurin miƙa zafi, yawan zafin da abu ke iya ɗauka, da nauyin jikinsa, wato nauyin da ke cikin kowane mita kubik (mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri). Danshi yana taɓa su duka ukun. Matsalar ita ce ba danshi kaɗai ke taɓa su ba.

Sani: Ni dai ina da injin zane na leza a wurin aikina. In rage ƙarfinsa in gwada muku yanzu? Kyamarar zafi ta waya ma akwai ta.

Dakta Hauwa: Malam Sani, don Allah dakata tukuna. Zan zo kanka.

Baba Kafinta: Dakta, Allah ya ƙara sani. Abin da kika faɗa na ƙarshe shi ne inda na tsaya. Katako ba ƙarfe ba ne da ake narkawa a zuba a ma'auni ɗaya. Itace biyu iri ɗaya, daji ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Kai, falanki ɗaya ma, wajen ido daban, wajen zuciya daban, gefen ɓawo daban. Ta yaya kyamara za ta san cewa wannan wurin bai ɗumama ba saboda ruwa ne, ba saboda tauri ba?

Dakta Hauwa: Ba za ta sani ba, Baba. Ka sa yatsa daidai kan ciwon. Bari in yi lissafin a fili, a ƙiyasce, don Auwal ya ga girman abin.

Ɗauki katako mai matsakaicin nauyi, wajen kilo 500 a kowane mita kubik in ya bushe. Danshinsa ya tashi daga kashi 12 zuwa kashi 25. Zafin da yake iya ɗauka zai ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, saurin miƙa zafinsa da kusan kashi 20. In ka haɗa su, ƙarfin janye zafinsa ya ƙaru da kamar kashi 25. Wato in leza ta ɗaga fuskar na farko da digiri 10, na biyu za ta ɗaga shi da wajen digiri 8. Bambancin digiri 2, kyamara mai kyau tana ganin wannan ba wahala.

Yanzu bar danshin a kashi 12, kada ka taɓa shi, amma ka canza katakon da wanda ya ɗan fi nauyi, kilo 600 maimakon 500. Ƙarfin janye zafin zai ƙaru da kusan kashi 18 ko 19. Ka gani? Bambancin nauyi na kashi 20 kawai ya kusa kwaikwayon bambancin danshi na maki 10. Kuma bambancin nauyi irin wannan ba sai ka canza irin itace ba, a cikin lodi ɗaya za ka same shi. A itacen fayin (pine), zoben shekara ɗaya, wato layin da itace ke ƙarawa a jikinsa kowace shekara, yana da ɓangare mai laushi da ɓangare mai tauri, kuma mai taurin yakan ninka mai laushin nauyi. In ɗigon lezarka milimita 2 ne, matsar da shi kaɗan kawai ya isa ya canza amsar.

Auwal: Innalillahi. Ke nan aikin ya mutu tun kafin in fara?

Dakta Hauwa: A'a, bai mutu ba. Mita marar allura, wadda ake ɗorawa a kan katako, ita ma wannan ciwon ke damunta, shi ya sa sai ka saita mata nauyin irin itacen kafin ka yarda da ita, kuma ba wanda ya jefar da ita saboda haka. Abin da nake so ka gane shi ne awo ɗaya ba ya warware abu biyu da ba a sani ba. Ko dai ka san nauyin ta wata hanya, ko ka ƙaro awo na biyu da danshi da nauyi ke taɓa shi ba iri ɗaya ba.

Injiniya Rabi'u: Ni damuwata ta fi ta nauyi girma, ita ce zurfi. Dakta, a sakan 10 zafin leza ina yake kaiwa a cikin katako?

Dakta Hauwa: Milimita 1 da 'yan kai. Katako ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, shi ya sa ake yin mariƙin kayan zafi da shi. Kuma dokar yaɗuwar zafi ba ta da sassauci: in kana so zurfin ya ninka sau 2, lokaci sai ya ninka sau 4. Santimita 1 yana bukatar wajen minti 10. Milimita 25, wato tsakiyar falanki mai kaurin milimita 50, ya wuce awa guda.

Injiniya Rabi'u: To ai shi ke nan. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin busar da katako ya san fuska ba ta faɗin gaskiyar ciki. Katako daga waje yake bushewa. Fuska tana iya sauka kashi 10 alhali tsakiya tana sama da 20. Wannan bambancin shi ne ke haifar da tsagewa da kantarewa bayan an tsaga falankin, kuma shi muke farauta. Shi ya sa muke amfani da allurai masu rufin jiki, bakinsu kaɗai ke karanta lantarki, mu buga su zuwa zurfin da muke so, mu karanta sama, mu karanta tsakiya. Na'urar da ke gaya mini danshin milimita 1 na sama, abin da na riga na sani take gaya mini, don wannan milimitar iskar ɗakin take bi. A digiri 20 da laimar iska kashi 65, katako yana zama a wajen kashi 12. Laimar ta sauka zuwa 30, ya nufi kashi 6. Ta hau 80, ya nufi 16. Fuskar ce ke fara amsawa, cikin awanni, tsakiya kuwa sai makonni ko watanni.

Baba Kafinta: Injiniya ya gama magana. Falankin da aka bari a rana, ka shafa ka ji shi ƙamas, ka sa zarto ka ga garin yana manne wa haƙora. Wanda ya yi ƙofa da irin wannan, bayan wata biyu mai ita zai kira shi.

Malam Nasiru: Ku yi haƙuri in shigo ta wata ƙofa. Kowa a nan yana auna lezar da mudun mai busar da falanki, ni kuwa aikina adana tsofaffin kayan katako ne, kuma bukatata daban take da taku. Ban damu in san ko kashi 11 ne ko 13 ba. Abin da nake so in sani: wane ɓangare na wannan allon ne ya fi sauran laima, kuma ya canza daga watan jiya zuwa yau? A nan matsalar nauyi da Dakta ta kawo tana raguwa ƙwarai, domin wuri ɗaya nake komawa a kan abu ɗaya. Nauyin busasshen jikinsa bai canza ba tsakanin awo biyu, duk abin da ya motsa danshi ne. Maganar fuska kuma, ni fuskar ce ke hana ni barci. A can fenti da zane suke. In fuskar ta kumbura ta motse alhali cikin bai motsa ba, a nan fentin ke ɓarewa. Injiniya, abin da kai kake gani aibi, ni shi nake nema.

Injiniya Rabi'u: Na karɓi wannan, Malam. Amma za ka yarda a haska leza a kan fentin da ya shekara 300?

Malam Nasiru: A kan fentin, a'a. A bayan allon, inda katako yake tsirara, da ɗumin digiri 2 ko 3, zan zauna a tattauna. Ko fitilar ɗakin nuni tana iya ɗumama abu haka.

Dakta Hauwa: Wannan shi ne wurin da hanyar ta fi dacewa, a ganina: taswirar bambanci, da bin canji a kan abu guda. Kuma ana iya ɗan ƙara zurfin ba tare da ƙona komai ba. Maimakon haske ɗaya mai ƙarfi, sai a riƙa ƙara hasken ana rage shi a hankali bisa wani kiɗa tsayayye, kyamara tana lura da jinkirin da ke tsakanin hawan hasken da hawan zafin. In zagaye ɗaya ya ɗauki sakan 100, zafin yana leƙa wajen milimita 2. Alherin jinkirin shi ne bai cika damuwa da launin fuska ko ƙarfin lezar ba. Rashin alherinsa kuma, shi jinkirin ya fi dogara da saurin yaɗuwar zafi, wanda danshi ba ya canza shi sosai, don ruwa yana ƙara saurin miƙa zafi yana kuma ƙara yawan zafin da ake riƙewa, sai su kusa cinye juna. Girman hawan zafin ya fi jin danshi, amma shi ne launi da nauyi ke ruɗawa. Kowanne da inda yake ɗingishi.

Auwal: Dakta, akwai hanyar walƙiya da muka yi a aji, wadda ake haska gaba a auna baya. Ba za ta ba da danshin ciki gaba ɗaya ba?

Dakta Hauwa: Ta Parker da abokan aikinsa ta 1961 kake nufi. Tana aiki, kuma ita ce uwar yawancin waɗannan hanyoyin. Amma siririn faifai take so, na 'yan milimitoci, don zafin ya ratsa ya fito ta baya. Da zarar ka yanko faifai daga falanki, maganar ba yanka ta ƙare, gara ka kai shi tanderu ka sami amsar da ba gardama. Sai dai in aikinka a kan siraran yankan da ake manna filawud da su ne. A nan kam milimita 1 ko 2 shi ne dukkan kaurin, fuska da ciki duk ɗaya ne, kuma damuwar Injiniya ba ta taso ba.

Injiniya Rabi'u: Wannan gaskiya ce, ban kawo siraran yanka a raina ba. Amma ga wata. Kana ɗumama wuri don ka auna ruwansa, ɗumin kuma yana korar ruwan. Tururin da ya tashi yana tafiya da zafi mai yawa, sama da kilojul 2,200 a kowane kilo na ruwa. Ke nan awon yana canza abin da yake aunawa. In ka haska wuri ɗaya sau biyu a jere, amsa ta biyu ba za ta zama ta farko ba.

Dakta Hauwa: Haka ne, shi ya sa ake riƙe ɗumin ƙasa ƙasa, 'yan digiri kawai, a kuma bar wurin ya huce. A jiƙaƙƙen katako abin ya fi tsanani. Ƙasa da wajen kashi 30, ruwan a cikin bangon ƙwayoyin itacen yake, a ɗaure. Sama da haka akwai sakakken ruwa a cikin ramukan. Harry Tiemann ne ya fayyace wannan iyakar a 1906. Ƙasa da ita ne katako ke motsewa da kumbura, sama da ita girmansa ba ya canzawa. Mita mai allura tana da amana daga wajen kashi 7 zuwa wannan iyakar, bayan nan sai ta koma hasashe. Hanyar zafi kuwa ba ta da wannan katangar, don kowane ƙarin ruwa ƙarin wurin ajiye zafi ne. Wannan maki ɗaya ne a gare ta, in an iya raba shi da tasirin tururi.

Sani: Dakta kin manta da ni.

Dakta Hauwa: Ban manta ba, Malam Sani. Injin zane an gina shi ne don ya tara haske a ɗigo ƙarami ya ƙona. Katako yana fara lalacewa daga wajen digiri 200, yana zama gawayi a wajen 300, kuma ɗigon da aka matse yana kai nan kafin ka ƙifta ido ko da ka rage ƙarfi. Mu akasin haka muke so, haske mai faɗi, mai rauni. Na biyu, duk lezar da ta wuce rabin wat tana aji na 4, mafi haɗari, ko hasken da ya dawo daga jikin abu yana iya lalata ido. In injinka mai iskar kabon dayokzaid ne, tsawon zangon haskensa maikiromita 10.6 ne, ido ba ya ganinsa sam, ba za ka san ya kauce ba. Na uku, kyamarorin zafi irin na waya tsakanin maikiromita 8 da 14 suke gani, wato hasken wannan lezar ya faɗo a tsakiyar idonsu. Abin da ya dawo daga katakon zai rufe awon, yana ma iya kashe kyamarar. Kada ka buɗe murfin injin don wannan gwajin.

Sani: To na ji. Kyamarar ma aro ce.

Auwal: Ke nan in guje wa mai kabon dayokzaid, in ɗauki ƙaramar leza ta diyod?

Dakta Hauwa: Kowacce da kuɗin shigarta. Mai maikiromita 10.6 kusan duk katako yana shanye ta a fuska, fari ko baƙi, wannan alheri ne, amma sai ka kare kyamara da matacin haske ko ka karanta bayan an kashe ta. Ta diyod, irin mai nanomita 808, kyamara ba ta ganinta, amma farin katako yana mayar da yawancinta, baƙi yana shanyewa. Ke nan launi ya zama abu na uku da ba ka sani ba. Tabon mai, tsufan fuska, folish, duk za su shiga lissafi. Gilashin kariya kuma dole ne ya dace da tsawon zangon lezar da ka zaɓa, ba kowane baƙin gilashi ba.

Injiniya Rabi'u: Tunda an zo maganar haske, me ya sa sai an bi ta zafi? Ruwa yana shanye haske a wajen nanomita 1,450 da 1,940. Akwai na'urori a masana'antu da ke haska waɗannan su auna abin da ya dawo, ana amfani da su a kan garin katako da ɓarɓashinsa a bisa bel. Su ma fuska kawai suke gani, amma aƙalla ruwan suke kallo kai tsaye.

Dakta Hauwa: To ga awo na biyu da nake cewa Auwal ya nema. Hasken ya ba ka danshin fuska, zafin ya ba ka haɗin danshi da nauyi a ɗan zurfin da ya fi haka. Biyun tare sun fi kowanne shi kaɗai. Sai dai ban ce ya ɗauko duka a aikin shekara ɗaya ba.

Baba Kafinta: Ni tambaya ɗaya ta rage mini. Katako yana da jijiya. Ruwa ta jijiya yake bi, shi ya sa bakin falanki ke riga ko'ina bushewa ya tsage. Zafin shi ma haka yake yi?

Dakta Hauwa: Haka yake yi, Baba. A tsawon jijiya zafi yana gudu wajen ninki biyu na yadda yake ratsa ta a kwance. In ka haska ɗigo zagayayye, a kyamara za ka ga tabon zafin ya miƙe ya yi tsawo ta inda jijiyar ta nufa. Shi kansa hasken ma yana yin haka a cikin itace irin fayin, kuma manyan masana'antun yanka katako suna amfani da wannan, suna haska ɗigogin leza a kan falanki don su gane karkatar jijiya da wurin ido, su ware mai ƙarfi da marar ƙarfi. A wannan aikin leza ta riga ta zauna da gindinta. A aikin danshi ne take neman wurin zama.

Baba Kafinta: To wannan na yarda da shi, don jijiya a fuska take, ido ma yana ganinta. Ruwa kuwa ɓoyewa yake.

Auwal: Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina. Ga yadda na sake tsara abin, ku duba mini. Ba zan ce ina ƙera abin da zai maye gurbin mita ba. Zan ɗauki iri biyu na itace, mai nauyi da marar nauyi, in yanka guntaye sirara daga falanki ɗaya, in kai su danshi daban daban, in haska, in auna, a ƙarshe in kai kowanne tanderu. Tambayar aikin ita ce: nawa ne daga canjin zafin na danshi, nawa ne na nauyi.

Dakta Hauwa: Wannan tambaya ce da za a iya amsawa. Don kai su danshi daban daban kada ka fesa musu ruwa, fuska kawai za ka jiƙa. Rufe su a akwati marar shigar iska tare da kwano na ruwan gishiri da ya ƙoshi har gishirin ya kwanta a ƙasa. Sodiyam kulorayid yana riƙe laimar iskar akwatin a wajen kashi 75, katako ya zauna kusa da kashi 14. Maganiziyam kulorayid yana ba da wajen 33, katako ya zauna tsakanin 6 da 7. Ka riƙa auna nauyinsu har ya tsaya cak, sannan ka san ciki da waje sun daidaita. Dukkansu kuma su nufi danshin daga ɓangare ɗaya, ko duk suna bushewa ko duk suna sha, domin katakon da ke saukowa yana tsayawa sama kaɗan da wanda ke hawa, ko da iskar ɗaya ce.

Injiniya Rabi'u: Ka kuma auna tsawo, faɗi da kaurin kowane guntu, don ka fitar da nauyin jikinsa shi kansa. Kada ka ɗauko lambar irin itacen daga jadawalin littafi ka ɗora wa duka. Fuskokin a goge su iri ɗaya, da takardar yashi mai lamba ɗaya. Daga akwati zuwa gaban kyamara kada ya ɗauki lokaci, fuskar tana fara bin iskar ɗakin nan take.

Malam Nasiru: Ƙara guntu ɗaya da za ka riƙa mayar da shi akwati daban daban kana haska wuri ɗaya da ka yi wa alama. Sakamakon wannan shi ne mu zai yi wa amfani.

Baba Kafinta: Ni ma ga nawa, in za ka karɓi na wanda bai yi boko mai zurfi ba. Samo falanki mai kauri guda biyu. Ɗaya ɗanye, ka shafe bakinsa biyu da fenti don kada ya bushe ta nan, ka bar shi a iska har fuskarsa ta yi ƙamas. Ɗaya busasshe sarai, ka goge fuskarsa da jiƙaƙƙen tsumma ka bari ƙyallin ruwan ya ɓace. Ka ba lezar ta faɗi wanda ya fi ruwa. Bayan ta faɗa, ka tsaga su ka kai tsakiyar kowanne tanderu.

Auwal: Baba, ai mun riga mun san za ta faɗi wannan jarabawar.

Baba Kafinta: Mu da ke nan mun sani. Wanda zai karanta aikinka bai sani ba, kuma shi ne wata rana za a tallata masa na'urar. Sa hoton falankin biyu da lambobinsu a shafin farko na sakamakon.

Dakta Hauwa: Ka yi yadda Baba ya ce. Ka gwada su da haske gajere, sannan da mai hawa da sauka a hankali, zagayen sakan 100 da na sakan 400, mu ga ko a na ƙarshen ɗanyen ya fara tona kansa. A lissafi zurfin zai kai wajen milimita 4 zuwa 5. In busasshiyar fatar falankin ba ta kai haka kauri ba, ya kamata a ga alama.

Injiniya Rabi'u: In an gani ina so a turo mini jadawalin. Auwal, kaurin falankin kada ya gaza milimita 50.